Shafe fallen ƙarfe mara tsatsa da nikel

Shafe da nikel hanya ce ta ɗora siririn rufin nikel (wani farin ƙarfe) a kan fallen ƙarfe mara tsatsa, fallen da kaurinsa kan gaza milimita 0.1, ta hanyar tsoma shi cikin ruwan gishirin nikel ana bi da wutar lantarki. Ana yin haka ne domin dalma ta kama shi wajen liƙi, kuma lantarki ya ratsa fuskarsa ba tare da tangarɗa ba, shi ya sa ake samunsa a maɓallan na'urori da mahaɗan batir.

Wahalar aikin duka tana cikin abin da ya sa ƙarfen ba ya tsatsa. Yana ɗauke da wani ƙarfe mai suna kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma da zarar iska ta taɓa shi sai wata fatar da ido ba ya gani ta rufe fuskarsa. Ko an kankare ta, nan take take komawa. Nikel ɗin da aka ɗora a kan wannan fata ba ya kamawa, sai ya ɓare kamar ɓawon albasa. Maganin da Donald Wood ya fito da shi a 1938 shi ne har yau ake dogaro da shi: ruwan nikel kulorayid mai asid ɗin haidurokulorik da yawa, wanda ke cinye fatar a daidai lokacin da yake ɗora rufin farko. Wannan mataki bai wuce 'yan mintuna ba, amma a nan ne ake gane ƙwararre, domin in fallen ya bushe kafin ya shiga tanki na gaba, an yi aikin banza.

Daga nan sai rufi na ainihi. Ruwan da Oliver Watts ya haɗa a 1916 ya fi araha, sai dai rufinsa yakan ja ƙarfen, falle siriri kuwa ba shi da ƙarfin jurewa, sai ya lanƙwashe. Don haka ruwan gishirin nikel salfamet, wanda rufinsa ba ya jan ƙarfen sosai, ya fi dacewa da shi. Rufin gefunan falle kuma yakan fi na tsakiya kauri, saboda wuta ta fi taruwa a can.

A masana'antu, fallen yakan zo a naɗe, ana warware shi yana ratsa tankunan wanki da shafe, ana sake naɗe shi a ƙarshen layi. Akwai kuma shafen da ba ya buƙatar lantarki, wanda Abner Brenner da Grace Riddell suka bayyana a Amurka a 1946. Rufinsa yana fita da kauri ɗaya ko'ina, amma yana gauraye da fosfaras.