Me ya sa YouTube ke sa wa bidiyon tarihin yaƙi takunkumin shekaru?

A ce malamin tarihi a Birnin Kebbi ya haɗa bidiyo a kan yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, ya ɗora a YouTube, ya tura wa ɗalibansa ta WhatsApp. Kafin magariba saƙonni sun fara shigowa: "Malam, ya ƙi buɗewa, wai sai an tabbatar da shekaru." Ba a goge bidiyon ba, ba a kuma rubuta wa tashar laifi ba. Takunkumin shekaru aka sa masa, kuma illarsa ta fi faɗa wa mai koyarwa fiye da kowa.

Bidiyon da aka sa wa wannan takunkumi, mutum biyu ba za su gan shi ba: wanda asusunsa na Google ya nuna bai kai shekara 18 ba, da wanda bai shiga da asusu ba ko da ya yi furfura. Idan an liƙa shi a shafin makaranta, ba zai buɗe a can ba, sai dai a tura mai kallo YouTube. Kuɗin talla kuma yakan ragu ko ya tsaya. Ɗaliban sakandare masu shekara 13 zuwa 17, waɗanda aka yi darasin dominsu, su ne aka rufe wa ƙofa. Haka kwamfutar ɗakin karatu da ba a shigar mata da asusun kowa ba.

Wannan ƙa'idar kamfani ce, ba dokar Najeriya ba. Tushenta sashen sharuɗɗan YouTube da ya shafi tashin hankali da hotuna masu tayar da hankali. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, yaƙi a matsayin batu ba haramun ba ne a can. Abin da ido ke gani ake dubawa, da yadda aka gabatar da shi. Gawa a kusa da kyamara, jini, yankakkun gaɓoɓi, lokacin da harsashi ya sami mutum, kukan wanda ake azabtarwa, su ne ke jawo hukunci. Sannan ana duba ko wannan hoton shi ne jigon bidiyon, ko an maimaita shi, ko an jawo shi kusa don a girgiza mai kallo.

Shi ya sa tarihinmu na da can bai cika shiga matsala ba. Wanda zai ba da labarin Kanta da Surame, ko faɗuwar Birnin Kebbi da yaƙin Alwasa a 1805, ko cin Alƙalawa a 1808, taswira yake da ita, da ganuwa, da makaman da ke gidan tarihin Kanta a Argungu, da bakin masana. Babu kyamara a wancan zamani. Matsalar tana farawa ne daga inda hoto ya shigo: Yaƙin Duniya na Biyu da dakarunmu suka yi a ƙasar Bama (Myanmar ta yau), sansanonin kisan da 'yan Nazi suka kafa, yaran da yunwa ta ƙone a yaƙin basasa, har zuwa abin da ake ɗauka da waya a dajin Zamfara yau.

Akwai rangwame ga abin da aka yi don ilimi, ko adana tarihi, ko kimiyya, ko fasaha. Sai dai rangwamen ba ya aiki da niyyar da ke zuciya, sai an gan ta. Mai dubawa yana neman amsar tambayoyin da kowane ɗalibin tarihi ya sani: wane ne, ina ne, yaushe, me ya faru, me ya sa ake nuna shi. Wuri mafi ƙarfi na sa wannan bayani shi ne cikin bidiyon kansa, da muryar mai bayani ko rubutu a kan hoton, a daidai lokacin da hoton ya bayyana. Take da bayanin ƙasa suna taimakawa, amma ga hotuna masu tsanani ba sa wadatarwa. Rubuta "don ilimi kawai" a ƙasa, sannan a saki minti uku na gawarwaki da kiɗa, ba ya tsare komai. Kuma ko bayanin ya cika, abin da rangwamen ya fi yi shi ne hana gogewa. Sau da yawa a bar bidiyon, a sa masa takunkumin.

Kada a haɗa abubuwa uku. Takunkumin shekaru daban. Alamar dala mai launin ɗorawa da mai tasha ke gani a gefen bidiyonsa daban, ita maganar masu talla ce, bidiyo na iya samunta alhali kowa na kallonsa. Gogewa kuma ita ce mai haɗari: karon farko yawanci gargaɗi, laifi na farko hanin ɗora bidiyo na mako ɗaya, na biyu cikin kwana 90 mako biyu, na uku a rufe tashar.

A nan ne masu aiki a kan rikicin Zamfara da Kebbi ya kamata su yi hattara sosai. Bidiyon da ƙungiyar ta'addanci ta ɗauka da kanta, ko na mutanen da aka yi garkuwa da su, yana ƙarƙashin wata ƙa'ida mai tsauri, kuma ɗora shi haka nan ba tare da bayani ba na iya kai wa ga gogewa kai tsaye. Ga kuma ɓangaren gida: a Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, a Agustan shekarar kuma hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan shirin da ta yi game da su. Bayan wannan duka, gawar da ke cikin hoton ɗan wani ne, mahaifiyarsa na iya cin karo da ita a waya. Wannan kaɗai ya isa dalilin rufe fuska.

Kuskure ma yana faruwa, domin na'ura ce ke fara tantancewa. A Yunin 2019, da YouTube ta tsaurara ƙa'idar kalaman ƙiyayya, an cire bidiyoyin malaman tarihi masu ɗauke da tsofaffin jawaban Hitler, sai da aka yi ƙorafi aka dawo da su.

Gyaran yana farawa tun wajen haɗa bidiyo. Hoton fuskar bidiyon, wanda ake gani kafin a danna, ya zama taswira, ko soja a tsaye, ko filin daga, kada gawa ta fito a ciki, domin shi kaɗai na iya jawo hukunci. Daƙiƙun farko su zama na bayani, ba na harbi ba. Take irin "Kalli yadda aka yanka su" yana nuna an yi don tayar da hankali. "Yaƙin basasa: yadda yunwa ta zama makami, 1968" yana nuna darasi. Inda dole a nuna hoto mai zafi, a yi gargaɗi kafin ya zo, a nuna shi tsaye na ɗan lokaci, sau ɗaya, a dusashe rauni da fuska, a cire sautin kuka. Ga darasin aji, ya fi sauƙi a yi kwafi biyu: cikakke na manya, da wanda aka tace na ɗalibai. Kuma kada a danna cewa bidiyon na yara ne don a kauce wa takunkumi. Wannan zaɓi na shirye-shiryen ƙananan yara ne, yana rufe sharhi, kuma sa shi a kan hotunan yaƙi ƙara wa kai matsala ne.

Idan takunkumin ya riga ya sauka, a shiga YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke sarrafa bidiyoyinsa, a buɗe jerin bidiyoyi, a duba layin da ke nuna hane-hane, akwai wurin ɗaukaka ƙara. A rubuta gajere kuma daidai: wane yaƙi ne, daga ina hotunan suka fito, a minti na nawa aka yi bayani, su wa ake koyarwa. Idan aka amince, za a cire takunkumin. Idan aka ƙi, akwai kayan yanke sashe da dusashe hoto a cikin Studio ɗin, ko a ɗora sabon kwafi da aka tace. Wanda aka rubuta wa laifi kuwa, kada ya yi saurin goge bidiyon da hannunsa: laifin ba zai tafi ba, damar ɗaukaka ƙara kuma, wadda sau ɗaya ce, ta salwanta.