Ranar da babban baƙo zai shigo gari: wa ke da ikon rufe titi, kan wa asara ke faɗawa?

"Kawu, ka ji abin da ya same ni yau?" Da haka ɗan yayata da ke karatu a Faransa ya buɗe saƙon muryar da ya turo mini ta WhatsApp, yana haki. Ya ɗauki keken haya da safe zai tafi makaranta. Da ya isa inda ya saba ajiye shi sai ya tarar an kewaye wurin da shingen ƙarfe, 'yan sanda biyu na tsaye. Wani shugaban ƙasa ne zai ratsa ta titin da azahar. Ya garzaya tasha ta gaba, ta cika maƙil, don duk wanda aka kora daga ta farko can ya nufa. Sai a ta uku ya samu gurbi, bayan ya makara, mintocin kyautarsa sun ƙare, kuɗi sun fara hawa kansa.

Na yi dariya na ce masa, yaro, ashe ka manta da gida. Mu nan Maradi ko yaron da ke tallan ruwan sanyi ya san ranar da wani babba zai sauka a filin jirgi: tun hantsi za ka ga jami'ai a kowace mahaɗa, masu tebur sun kwashe kayansu, 'yan kabu-kabu sun yi cirko-cirko a bakin kwalta. Amma tambayar da ya yi mini a ƙarshen saƙon ta tsaya mini a rai. Ya ce, "To kawu, doka ce ta ba su wannan iko, ko ƙarfi ne kawai?"

Ga wanda bai taɓa gani ba, tsarin keken nan ba shi da wuyar fahimta. Hukumar birni ce ke ba wani kamfani kwangila, a kafa tashoshi a gefen titi, kowace da turakun ƙarfe da ke kulle keke. Ka yi rajista da waya ko da kati, ka cire keke a nan, ka tura shi cikin turke a can, lissafi ya tsaya. Na Faris, wato Vélib', an buɗe shi a Yulin 2007, yau tashoshinsa sun haura 1,400. Washinton ta buɗe Capital Bikeshare a 2010, New York ta buɗe Citi Bike a 2013, a Afirka kuma Marrakesh ta ƙasar Maroko ta buɗe Medina Bike a 2016, lokacin taron sauyin yanayi na COP22. Lagon tsarin ɗaya ne: keken ba naka ba ne, kuma yana wuyanka har sai turke ya kama shi. Shi ya sa rufe tasha ɗaya ke hargitsa unguwa guda.

Tushen ikon ya fara ne daga wajen ƙasa. Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1973 kan kare manyan mutanen da ke ƙarƙashin kariyar ƙasa da ƙasa. Ta haɗa da shugaban ƙasa, shugaban gwamnati da ministan harkokin waje idan suna wata ƙasa, har da iyalan da ke rakiyarsu. Ƙasar da ta sa hannu ta ɗauki nauyin hana a kai musu hari a cikin iyakarta. Kafin ita akwai yarjejeniyar Biyana ta 1961, wadda sashenta na 29 ya ɗora wa ƙasa mai masauki kare jakada daga duk wani farmaki. Mu Hausawa ba ma buƙatar lauya ya fassara mana wannan: baƙonka amanarka ne, in wani abu ya same shi a ƙofar gidanka kai za a tambaya. Sai dai waɗannan yarjejeniyoyi ba su ce a rufe titi kaza ba. Sun ce a kare mutum, yadda za a yi kuwa sun bar wa dokar kowace ƙasa.

A Faransa hanya biyu ake bi. Ta farko ikon yau da kullum ne na tsara zirga-zirga: a hana ajiye mota a titi kaza daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. A Faris, idan dalilin tsaro ne, wannan na hannun firefen 'yan sanda, wato shugaban 'yan sandan birnin, muƙamin da ya samo asali tun 1800. Da irin wannan takardar umarni ake cewa kamfanin keke ya kwashe kekunansa ya kashe tasha. Dalilin mai sauƙi ne. Keke na da kwando a gaba, ana iya barin ƙunshi a ciki, wasu na da batir, kuma jerin kekuna a gefen titi na tare hanya idan jama'a suka firgita suka watse. A idon mai tsaro, bambancin keken da aka ajiye da motar da aka ajiye girma ne kawai.

Hanya ta biyu ta fi tsauri, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Bayan hare-haren 13 ga Nuwamban 2015 Faransa ta shiga dokar ta-ɓaci har kusan shekara biyu. Da za ta fita, sai ta yi dokar 30 ga Oktoban 2017, wadda ta ba firefe, wakilin gwamnati a yanki, ikon shata da'irar kariya a wurin da ake tsoron harin ta'addanci. A cikin da'irar ana iya shafa jikin mutum, namiji ya shafa namiji, mace ta shafa mace, a duba jaka, a binciki mota da yardar direba. Wanda ya ƙi, a hana shi shiga ko a raka shi waje. To amma dokar ta ɗaure hannun firefen da igiyoyi masu ƙarfi. Dole umarnin ya zama rubutacce, da dalili a ciki. Dole ya bayyana iyakar wurin da ƙofofin shiga. Dole faɗinsa da tsawon lokacinsa su yi daidai da girman haɗarin, kuma a yi la'akari da mazauna wurin da masu sana'a a ciki. Ba ya wuce wata ɗaya sai an sabunta, kuma nan take ake aika wa mai gabatar da ƙara kwafi, a sanar da magajin gari. Da wannan doka aka kewaye gaɓar kogin Sen kwanaki kafin bikin buɗe gasar Olamfik na 26 ga Yulin 2024, tashoshin keke da yawa na yankin suka tsaya cak.

Shin ziyarar shugaba kaɗai ta isa a shata irin wannan da'ira? Kotu ta taɓa amsawa. A Afrilun 2023, lokacin da Faransawa ke kaɗa wa Shugaba Macron tukwane da murafai saboda dokar fansho, firefen wani yanki ya shata da'irar kariya domin ziyarar shugaban a garin Bandom. Aka kai ƙarar gaggawa, kotun da ke duba ayyukan hukuma a Orleyan ta dakatar da umarnin, ta ce zuwan shugaba shi kaɗai, ba tare da wani haɗari na musamman ba, bai isa hujjar ɗauko dokar ta'addanci ba. Na jima ina jinjina wannan hukunci. Ba sabon tunani ba ne ma: tun 1933, a shari'ar da ake kira ta Benjamin, babbar kotun hukuma ta Faransa ta kafa ƙa'idar cewa hukuma ba ta hana abu ɗungurungum idan akwai matakin da ya fi sauƙi da zai tabbatar da tsaro. A taƙaice, ba a ƙona rumbu don ɓera.

Amurka ba sai na daɗe a kanta ba. Can hukumar da ke tsaron shugaban ƙasa ce ke jan ragama a manyan taruka, kuma kowane Satumba, lokacin babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya, titunan da ke kewaye da ginin majalisar a New York na rufewa, tashoshin keken yankin su shiga cikin abin da ya shafa.

Mu dawo gida. Keken haya ba baƙo ba ne a wurinmu, duk wanda ya tashi a Bagalam ko Mokoyo ya san mai gyaran keken da ke ba yara haya, yana duban agogon hannunsa yana jiran su dawo. Abin da ya maye gurbin tashoshin Turai a Maradi yau shi ne kabu-kabu da adaidaita, kuma su ne ke fara jin jiki idan an rufe hanya. A tsarin Nijar gwamna ne wakilin gwamnati a jiha, shi ke da alhakin kiyaye doka da oda, firefe kuma a gunduma. Dokar ƙananan hukumomi ta Satumban 2010 ta ba magajin gari ikon tsara zirga-zirga da ajiye ababen hawa a titunan garinsa. Tun Afrilun 2024, da aka rusa majalisun da aka zaɓa, kantomomin da aka naɗa ne ke riƙe da wannan aiki. Ke nan rufe titi na wasu sa'o'i domin wucewar tawaga abu ne da ke cikin ikon waɗannan hukumomi, ba ya buƙatar dokar ta-ɓaci.

Wannan bambanci yana da muhimmanci, don mutane kan cakuɗa su. Hana hawa babur da aka yi a Diffa a 2015, da wanda aka yi a sassan Tilaberi a farkon 2020, ƙarƙashin dokar ta-ɓaci aka yi su, saboda maharan da ke amfani da babura. Wancan mataki ne na watanni da shekaru, da tasa dokar daban. Ziyarar baƙo kuwa al'amarin yini ɗaya ne, wani lokaci ma rabin sa'a.

A kan titi kuma ƙa'idar ba ta da kwana-kwana. Hannun jami'in da ke tsara zirga-zirga ya fi allon hanya da fitilar hanya ƙarfi, in ya ɗaga ka tsaya ko da fitila ta ba ka hannu. Ba a ratsa jerin motocin tawaga, ba a bin bayansu don a ci moriyar buɗaɗɗiyar hanya, dabarar da wasu samarinmu ke ji da ita. Wanda ya yi gardama a nan shi zai kwana a ciki, a kama babur ɗinsa, ya yi kwanaki yana sintiri kafin ya karɓo shi. Ko umarnin na da kuskure, bakin shinge ba wurin shari'a ba ne. Ana rubuta ƙorafi ga hukumar da ta ba da umarnin, in ba a gamsu ba a tafi kotu, kuma ƙungiyar 'yan kabu-kabu ta fi mutum ɗaya ƙarfin murya a irin wannan.

Sai maganar da ta fi ci wa mutane rai: asara. Ɗan yayata zai iya rubuta wa kamfaninsa ya nemi a cire masa kuɗin da suka hau, don na'ura ta rubuta lokacin da ya ɗauki keke da lokacin da tashar ke rufe. Hujjarsa na hannunsa. Amma neman diyya daga gwamnati wani dutse ne daban. A tsarin shari'ar hukuma na Faransa, wanda namu ya gada, ba a biyan mutum don ɗawainiyar da kowa ya sha. Sai in asararsa ta fita daban, ta yi tsanani fiye da abin da ake sa ran kowane ɗan ƙasa ya jure, kuma ta faɗa kan mutane ƙalilan. Rufe titi na sa'a uku da wuya ya kai wannan matsayi. A takarda hujjar ta zauna. A aljihun wanda ke tuƙa babur ɗin wani, wanda dole ya kai wa mai babur kuɗinsa da magariba ko an yi ciniki ko ba a yi ba, sa'a uku ba ƙaramin abu ba ne.

Ni a ganina ba ikon rufe hanya ne abin jayayya ba. Babu mai hankalin da zai ce a bar baƙo ba tsaro, musamman mu da ke kusa da iyaka muna jin abin da ke faruwa a dazuzzukan kudu. Abin da ya raba ɗan yayata da ɗan kabu-kabun unguwar Zariya ta nan Maradi shi ne sanarwa. Shi da ya duba wayarsa kafin ya fita, da ya ga tashar ta nuna a rufe, don can akan wallafa umarnin, kamfani kuma ya sanar. Ya ma amsa mini cewa bai duba ba. Mu kuwa sau da yawa jiniya ce sanarwarmu. Alhali muna da gidajen rediyo da kowa ke saurare, muna da sanƙira, muna da shugabannin tashoshi da saƙo ɗaya zai isa ga ɗaruruwan direbobi. Ba sai an faɗi sa'ar da baƙo zai wuce ko motar da yake ciki ba, wannan sirrin masu tsaro ne. A ce dai titi kaza zai kasance a rufe daga hantsi zuwa azahar, a bi ta kaza. Lokacin Maradi Kwalliya, bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamban 2015, gari ya cika da baƙi, amma da yake kowa ya san ranar tun da wuri, mutane sun shirya harkokinsu a kanta.

Kwanan baya ina bayan wani ɗan kabu-kabu za mu babbar kasuwa, muka iske igiya a gicciye, jami'i ya ɗaga hannu. Yaron ya kashe babur don kada mai ya ƙone a banza, ya sauke ƙafa, ya goge zufa da hannun riga. A gefenmu wata tsohuwa ce cikin adaidaita da ƙwaryar fura a cinya, tana ta gyara faifan da ta rufe ta da shi. Na tambaye shi ko ya san wanda zai wuce. Ya ce, "Wallahi baba ban sani ba. Da na san an rufe nan, da ta cikin unguwa na bi da kai, da yanzu na aje ka na ɗauki wani."

Muka zauna nan har motocin suka wuce, aka kwance igiya. Da muka isa na ƙara masa dala ashirin a kan kuɗinsa, ya karɓa da hannu biyu, ya tada babur ya juya neman fasinja.