Safarar mutane tsakanin ƙasashe: tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Kusan kullum sai an yi mini waɗannan tambayoyin, shi ya sa na tattara amsoshin wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Akwai dokar duniya a kan safarar mutane?

Akwai. Yarjejeniyar Palermo ce, ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shekarar 2000, ta fara aiki a 2003. Najeriya da Nijar duk suna ciki. A 2003 ɗin ne Najeriya ta kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, Nijar kuma ta yi tata dokar a 2010.

Ai da yardarta ta tafi, ina laifin wanda ya kai ta?

Wannan maganar tana ci mini rai. Wadda aka yaudara da alkawarin aikin shago, ta sauka aka ƙwace fasfonta aka ɗora mata bashi, wace yarda ta bayar? In aka yi amfani da yaudara ko barazana, doka ba ta kallon yardar. In kuma ba ta kai shekara 18 ba, ko ba yaudara laifi ne. Ku daina ɗora wa yaran nan laifi.

Direban da ke kai mutane Libiya ta Agadas shi ma mai safara ne?

Ba lallai ba. Tsallakar da baƙin haure daban, sayar da mutum ko bautar da shi daban. Sai dai sau da yawa tafiyar da ta fara da kuɗin mota a gidan bashi take ƙarewa, inda ake tsare mutum har sai an biya.

'Yata tana aikatau a Saudiyya, an riƙe fasfonta, ba albashi. Me zan yi?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, amma ba zan yi miki alkawarin sauri ba. Ki fara kai ƙara NAPTIP, suna da ofis a Kano. Ki tafi da duk abin da ke hannunki: sunan ejan, rasit ɗin kuɗin da kuka biya, saƙonnin WhatsApp, hoton fasfo. Kada ki goge komai, kada kuma ki je ki yi wa ejan faɗa, don in ya farga zai iya ɓacewa ko ya sa a sauya mata gida.

NAPTIP ba ta da ikon shiga gidan kowa a Jidda. Ejan da ke nan gida ne za ta iya kamawa. Abin da ya shafi can sai ta hannun ofishin jakadanci, wanda zai iya ba ta takardar dawowa ko da babu fasfo. Matsalar ita ce in ta gudu, uban gidan na iya kai rahoton cewa ta tsere, a tsare ta kafin a maido ta. Saboda haka shawarar fita ta danganta da halin da take ciki. In ana dukanta, ranta ne gaba da komai. In albashi ne kawai, wataƙila ya fi ta shigar da ƙorafi ta ofishin ƙwadago na can tukuna. Gurfanar da uban gidan kuwa yana buƙatar wasiƙu tsakanin hukumomin shari'a na ƙasashen biyu, abin da kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru.

To an taɓa hukunta wani ma kuwa?

An taɓa. A 2023 kotun Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, Ike Ekweremadu, shekara 9 da wata 8, kan kai wani matashi daga Legas don a cire masa ƙoda. A 2008 kuma kotun ECOWAS ta kama gwamnatin Nijar da laifin ƙin kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10.

In ta dawo za a kama ta?

Wadda aka yi safararta ba mai laifi ba ce. Ku karɓe ta hannu bibbiyu, ku daina tambayarta abin da ta kawo.