Batir ya mutu ba lallai laifin batir ba ne

Da zarar sitatar babur ta ƙi tashi, ko hon ya fara kuka a shaƙe, yawancin masu babur sai su yanke hukunci cewa batir ya ƙare, a sayo sabo. Sau da yawa kuɗin nan asara ce.

Batir ajiyar wuta kawai yake yi. Mai samar da wutar shi ne kwayil ɗin da ke cikin inji, sannan rektifaya ta gyara ta, ta daidaita ƙarfinta kafin ta shiga batir. In rektifaya ta lalace, ko waya ta yi tsatsa, sabon batir ma zai zube cikin 'yan kwanaki. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ƙananan babura da yawa suna tashi da kik ko batir ya mutu, sai a ɗauka caji lafiya yake.

Gwajin bai da wuya, kuma duk bakaniken da ya san aikinsa yana da mita, wato na'urar auna ƙarfin wuta. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan volt 12.6 in inji yana kashe. A tayar da inji a ɗan murɗa totur, ya kamata awon ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa ba, caji ba ya shiga. In ya wuce 15, rektifaya ce ke dafa batirin, shi ya sa ruwansa ke ƙonewa, ƙwan fitila ma ya riƙa mutuwa.

Ruwan kuwa in ya ragu, tataccen ruwa (distilled water) ake ƙarawa, kada a zuba asid.