Ciwon hanta nau'in D: me ya sa likitoci ke tsoronsa?

Mun san nau'in B da C. Shi wannan D ɗin daga ina ya fito?

Wani likita ɗan Italiya, Mario Rizzetto, ne ya gano shi a 1977 yayin da yake duba hantar masu fama da nau'in B. Ƙwayar cutar ba ta iya rayuwa ita kaɗai. Sai ta ari rigar ƙwayar B ta lulluɓe kanta, sannan ta iya shiga hanta. Saboda haka duk mai D yana da B, amma ba duk mai B ne ke da D ba.

To me ya sa ake cewa ya fi sauran tsanani?

A nan ne maganar take. Hanyar kamuwa biyu ce. Wani kan kamu da B da D a lokaci guda. Irin wannan zai iya shan wahala sosai, har hanta ta tsaya cak a wasu lokutan, amma mafi yawan manya kan warke sarai. Wanda ya fi ban tausayi shi ne mutumin da ya daɗe da B a jikinsa, yana harkokinsa lafiya lau, sai D ta faɗo masa daga baya. A mafi yawan irin waɗannan mutane cutar kan zauna daram, ta riƙa cin hanta da sauri. Hantar da za ta jure shekaru masu yawa sai ta taurare ta ƙanƙance kusan shekara goma kafin lokacin da B kaɗai za ta kai ta wannan hali. Daga nan sai kumburin ciki, shawara, aman jini, ko sankarar hanta. A 2025 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ƙwayar D cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

Mutum nawa ke ɗauke da shi?

Kusan kashi 5 cikin 100 na masu B mai daɗewa, wato kimanin mutum miliyan 12. Adadin kamar kaɗan ne, amma an ƙiyasta cewa cikin kowane mutum biyar masu B da hantarsu ta lalace ko ta kamu da sankara, D na da hannu a ɗaya. Ya fi yawa a Mongoliya, Moldoba, yankin Amazon da ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka. A ganina babbar matsalar ita ce rashin gwaji: wurare da dama ana tabbatar wa mutum yana da B, a sallame shi, ba wanda ya nemi D a jininsa.

Ta yaya ake ɗauka?

Ta jini: allura ko reza da aka yi tarayya, jinin da ba a tantance ba, da kuma saduwa. Daga uwa zuwa jariri ba safai ba.

Akwai magani?

Magungunan da ke danne B, irin su tenofovir, ba sa kashe D. An daɗe ana amfani da allurar interferon ta aƙalla makonni 48, sai dai tana wahalarwa, kuma cutar kan dawo wa da yawa. A 2020 Tarayyar Turai ta amince da bulevirtide, wanda ke toshe ƙofar da ƙwayar ke bi ta shiga hanta, amma tsadarsa ta hana shi isa inda aka fi buƙata.

Rigakafi fa?

Allurar rigakafin B tana kare mutum daga D. Wanda ya riga ya kamu da B kuwa allurar ba za ta amfane shi ba. Abin da ya kamace shi shi ne ya guji cuɗanyar jini, ya kuma nemi a gwada shi ko yana da D, ko da sau ɗaya ne.