Kisan dangi da hukuncin kisa a Damagaram

Kisan dangi shi ne mutum ya ɗauki ran wanda suka haɗa jini ko aure: ɗa ya kashe uba, wa ya kashe ƙane a kan gona, miji ya kashe mata. Shari'arsa ta fi ta sauran kisa ɗaci, domin mai neman jini da wanda ake neman jininsa a tukunya ɗaya suka ci tuwo.

A zamanin sarauta

Tun da Sarki Sulaimanu ya mayar da gadon sarautar Damagaram zuwa Zinder a farkon ƙarni na 19, fiƙihun Malikiyya ne madogarar alƙalai, shi ne kuma almajirai ke karantawa a cikin Risala a zaurukan malamai. Wanda ya kashe rai da gangan, hukuncinsa ƙisasi ne, wato a kashe shi shi ma. Amma haƙƙin na waliyyan jini ne, wato maza na ɓangaren uban mamaci. Suna iya tsayawa a kan ƙisasi, suna iya yafewa, ko a sasanta a kan diyya: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. In an yafe, mai kisa zai sha bulala 100, ya yi shekara guda a tsare.

A nan ne abin yake yin nauyi. Tsohon da ɗansa ya kashe ɗaya ɗan nasa, shi ne waliyyi. In ya ce a kashe, ya binne biyu. In ya yafe, kullum zai ga mai laifin a tsakar gida.

Game da uban da ya kashe ɗansa, mafi yawan malamai sun ce babu ƙisasi. Imamu Malik ya bambanta: in uba ya jefi ɗa da makami cikin fushi, diyya mai tsanani ce a kansa, raƙuma 100 da 40 daga cikinsu masu ciki. In kuwa ya kwantar da shi ya yanka, babu sauran shakka, za a kashe shi. Wannan fatawa ta kare yaro daga hannun da ya fi kowane hannu iko a kansa. Mai kisan ganganci ba ya cin gadon wanda ya kashe. Kisan gilla, wanda aka yaudari mutum aka hallaka shi, ba ya yafuwa ko dangi sun so.

Sarki ma yana kashewa da ikon sarauta. Baturen Ingila James Richardson, da ya sauka Zinder a 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya ba da labarin wurin da ake kashe masu laifi, inda kuraye ke zuwa cin gawa.

Zuwan Faransawa da bayan mulkin kai

Faransawa sun ci Zinder a 1899, shekara guda bayan kisan hafsansu, Kyaftin Cazemajou, a garin. Daga nan shari'ar jini ta bar fada, ta koma kotunan da Nasara ke jagoranta.

Kundin hukunta laifuka na Nijar na 1961 ya bi sawun na Faransa. Ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe mahaifinsa ko mahaifiyarsa, da mai kisa da shiri, da mai kisa da guba, ta hanyar harbi. Mai gabatar da ƙara na gwamnati ne ke neman hukunci yanzu, yafiyar dangi ba ta rufe shari'a.

Rabon da a zartar da hukuncin kisa a Nijar tun 1976, bayan yunƙurin juyin mulki a kan shugaban mulkin soja Seyni Kountché. A Disambar 2010 majalisar tuntuɓa ta riƙon ƙwarya ta ƙi amincewa da soke shi. Kotuna na ci gaba da yanke shi, wanda aka yanke wa kuma yana zaune a gidan kaso, yana jiran sassaucin shugaban ƙasa.