Ba Stan Lee ne ya zana Spider-Man ba

Da yawa sun ɗauka Stan Lee ne ya zana Spider-Man. Ko kusa. A lokacin shi marubuci ne kuma edita a kamfanin Marvel na Amurka, mai buga littattafan labarai cikin zane. Steve Ditko ne ya zana jarumin, wanda ya fara fitowa a 1962.

Salon aikinsu ne ya jawo ruɗanin. Lee kan ba mai zane gundarin labari a taƙaice, wani lokaci da baki kawai. Mai zanen ne zai tsara shafuka, ya ƙago faɗa da fuskoki, daga baya Lee ya sa wa jaruman magana a baki. Sai dai Lee ne duniya ta sani, har a finafinai ya sha leƙowa. Ditko kuwa, ko 'yan jarida gudunsu ya riƙa yi.